Kujerar jirgin sama da amanar sa hannu

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2012, wani jirgin kamfanin American Airlines, ƙirar Boeing 757, ya tashi daga Boston za shi Miami a ƙasar Amurka. Ana tsakiyar tafiya sai wani layin kujeru ya kwance daga daben jirgin, ya kama rangaji da mutane a kansa. Tilas matuƙin ya karkata ya sauka a birnin New York. Kwana biyu bayan haka wani jirgin na wannan kamfani, shi ma 757, ya tashi daga New York, aka sake samun irin wannan matsala, ya juya ya koma inda ya fito. Babu wanda ya ji ciwo. Kamfanin ya janye jiragensa fiye da arba'in don a duba su ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya ce wani maƙalin ƙarfe ne aka saka ba daidai ba lokacin da aka ciccire kujerun aka sake jera su. Daga baya ya ƙara da cewa lemon kwalba da kofi da fasinjoji ke zubarwa sun daskare a cikin makullin da ke riƙe ƙafar kujerar, har ya daina shiga raminsa yadda ya kamata. Ko wanne ne daga ciki, akwai wanda ya ɗaura kujerar, akwai kuma wanda ya sa hannu cewa ta ɗauru.

Wani zai ce ina ruwan malamin lakwal a Tasawa ko uwar ƴaƴa a Madawa da kujerun jiragen Amurka. Da ruwansu. Kowace shekara dubban iyayenmu da ƴan uwanmu na hawa jirgi zuwa aikin Hajji da Umra, kuma irin waɗannan kujeru ne suke zama a kai na tsawon awowi. Sannan wanda zai ɗaure notin wannan kujera nan da shekara goma sha biyar, yau yana zaune a wani aji, ko yana miƙa wa ubangidansa sifana a wani gareji. Ni a ganina abin da zai yi da wannan noti a lokacin, tun yanzu ake koya masa shi.

Bari mu fara da ita kanta kujerar, domin yawancinmu muna yi mata kallon kujerar falo ce da aka ɗan matse. A daben jirgi akwai wasu dogayen sanduna na alminiyam da aka shimfiɗa daga gaba zuwa baya kamar layin dogo, masu ramuka a jere, tsakanin rami da rami inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi. Ƙafar kujera na da ƙusoshi masu faɗin kai. Ana zura su cikin ramukan, a tura kujerar kaɗan har kawunan su shige ƙarƙashin leɓen sandar, sai a saukar da wani harshe na ƙarfe ya faɗa cikin rami ya hana ta motsi. Iyakar abin da ke riƙe da mutum uku da kujerunsu ke nan. Bel ɗin da kake ɗaurawa a ƙugu ma a jikin kujerar aka kafa shi. Idan kujerar ta tsinke, kai da bel ɗin da kujerar gaba ɗaya za ku tafi.

Shi ya sa ba a barin wata kujera ta shiga jirgi sai ta sha gwaji. A da, ma'aunin shi ne kujera ta jure nauyin da ya ninka na mai zama a kanta sau tara, ana jan ta sannu a hankali. A 1988 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta tsaurara ƙa'idar ga sababbin ƙirar jirage. Ana ɗaure kujerar a kan wani amalanke na gwaji, a zaunar da mutum-mutumi mai nauyin kusan kilo 77, a harba amalanken da gudun kusan kilomita 48 a awa, sannan a tsayar da shi farat ɗaya, yadda ƙarfin fizgar zai ninka nauyin sau goma sha shida. Malamin lissafi ya buga ya gani: mutum ɗaya ya koma fiye da tan guda ke nan. Kafin gwajin ma sai an karkatar da sandunan daben da gangan, domin a haɗarin gaske dabe ba ya zama a miƙe. Akwai gwaji na biyu na faɗuwa ƙasa, mai ninki goma sha huɗu, inda ake auna nauyin da ke sauka a kan ƙashin bayan mutum-mutumin, kuma ba a yarda ya wuce kusan kilo 680 ba. Ana auna bugun kai a jikin kujerar gaba. A 2005 hukumar ta ce duk jirgin fasinja da za a ƙera daga watan Oktoba na 2009 sai da irin waɗannan kujeru.

An ga amfanin wannan a watan Yuli na 2013, lokacin da wani Boeing 777 na kamfanin Asiana na Koriya ta Kudu ya bugi katangar bakin teku yana sauka a San Francisco. Wutsiyar ta cire, jirgin ya juya ya daki ƙasa, daga baya ya kama wuta. Mutum 307 ne a ciki, uku suka rasu. Masu bincike sun gano cewa biyu daga cikin waɗanda suka rasu, waɗanda jirgin ya wurgo waje, ba su ɗaure bel ba a lokacin.

Sai batun wuta, wanda ya fi ban tsoro. Soson da ke cikin kujera ɗan uwan soson katifarmu ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin gobarar ɗakin da ke da katifa ya san irin baƙin hayaƙin da take fitarwa. A watan Yuni na 1983 wuta ta tashi a bayan gida na wani jirgin Air Canada. Matuƙin ya samu ya sauka lafiya a Cincinnati, aka buɗe ƙofofi, mutane suka fara fita, amma kafin kowa ya fita sai wutar ta mamaye cikin jirgin gaba ɗaya. Mutum 23 daga cikin 46 suka rasu. A watan Agusta na 1985 a Manchester ta Ingila, wani jirgin da ko ƙasa bai bari ba ya kama wuta, mutum 55 suka mutu, akasarinsu hayaƙi ne ya kashe su. Tun 1984 FAA ta kafa dokar cewa soson kujera sai ya ci jarabawar wuta, aka ba kamfanoni zuwa ƙarshen 1987 su gama sauyawa. Ana hura wa soson wutar kananzir mai zafin kusan digiri 1000 na tsawon minti biyu, kuma ba a yarda ya rasa fiye da kashi goma cikin ɗari na nauyinsa ba. Don a cimma haka ne aka riƙa naɗe soson da wani ƙyalle mai tare wuta kafin a sa masa rigar da muke gani. Ba wai kujerar ba za ta ƙone ba ne. Za ta ƙone, amma a makare. Ƙa'idar ƙera jirage ta ce a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa casa'in ta rabin ƙofofin jirgin, to ka ga duk daƙiƙar da soso ya jinkirta wuta, ran wani ce.

Yanzu ga inda maganar gyara ta shigo. Kujerar da aka gwada aka amince da ita haɗi ce na abubuwa ƙayyadaddu: wannan ƙarfe, wannan noti, wannan soso mai wannan kauri, wannan ƙyalle, wannan riga. Ka canza ɗaya daga ciki da abin da ba a gwada ba, ka samu wata kujera daban wadda babu wanda ya san halinta. Akwai teloli a kasuwar Damagaram da za su ɗinka wa kujerar jirgi rigar da ta fi ta masana'anta kyau, ban yi shakka ba. Amma yadin bai shiga wuta an auna shi ba. Soson da ya fi laushi zai yi wa fasinja daɗi, sai dai ranar da jirgi ya daki ƙasa, mutum zai nutse cikinsa sannan ya bugi ƙarfen da ke ƙasa, nauyin da zai sauka a ƙashin bayansa ya wuce abin da aka auna. Hatta wankin rigar kujera akwai yadda aka rubuta a yi shi, domin wankin da bai dace ba na iya rage ƙarfinta na jure wuta.

Saboda haka bakaniken jirgi ba ya taɓa kujera sai da littafi a gabansa. Kamfanin da ya ƙera kujerar na da littafin gyaranta, wanda ya ƙera jirgin na da nasa da ke faɗin yadda ake kafa ta, kuma dole a duba bugun da ake aiki da shi yanzu, domin ana sabunta su. Kowane noti da lambarsa. Kayan da aka sayo na zuwa da takardar shaidar asalinsu. Ɗaurin noti ma da adadinsa, akwai sifana mai ma'auni da ke nuna maka ka kai, ita ma sifanar ana kai ta a daidaita lokaci lokaci. In an gama, a girgiza kujerar a tabbatar harshen makullin ya shiga, a duba bel ko ya fara tsagewa, a duba rigar ruwa da ke ƙarƙashi, a duba bayan kujerar na tsayawa a miƙe. Sannan wanda ke da lasisi ya rubuta abin da aka yi, da shafin littafin da aka bi, ya sa hannu. Idan kuwa kujera ta lalace kuma babu kayan gyara a wurin, akwai hanyar da aka yarda da ita: a rubuta, a rufe kujerar, a manna mata alama kada kowa ya zauna, a tabbatar ba ta tare wa kowa hanyar fita ba, a gyara cikin wa'adin da aka ɗiba. Babu inda aka ce a ɗaure ta da waya kafin a kai gida.

Na san abin da gwanayen aikin hannu ke cewa game da wannan, kuma ba zan raina maganarsu ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana kwance inji yana ɗaurawa, hannunsa ya san ɗaurin noti, idonsa ya san girmansa. A ce masa ya tsaya buɗe littafi a kan abin da ya yi sau dubu, yana ganin wulaƙanci ne da ɓata lokaci. A garejojinmu ma ai wannan gwanintar ce ke riƙe da motocin da masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su. Wanda ya ga yadda ake tayar da tsohuwar mota a hanyar Tawa zuwa Agadas da abin da aka samu a hannu, dole ya jinjina wa masu yi.

Amma ga labarin wani gwani. Ranar 10 ga watan Yuni na 1990, jirgin British Airways ya tashi daga Birmingham za shi Malaga ta ƙasar Sipaniya. Ya kai tsawon fiye da mita 5000 sai gilashin gaban matuƙi ya fice da ƙara. Iska ta fizgi kyaftin ɗin, Tim Lancaster, ta fitar da rabin jikinsa waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe shi ta ƙafafu kusan minti ashirin, har mataimakinsa ya saukar da jirgin a Southampton. Cikin ikon Allah babu wanda ya mutu, har shi kyaftin ɗin ya warke ya koma aiki. Da aka bincika, sai aka tarar an canza gilashin ne awa 27 kafin tashin, a aikin dare. Daga cikin notuna 90 da aka ɗaure shi da su, 84 sun gaza kaurin da ake so da kusan kashi biyu bisa uku na milimita, sauran shidan kuma kaurinsu daidai ne amma sun gaza tsawo. Wanda ya yi aikin shugaban masu aikin dare ne, mutum mai shekaru da yawa a sana'ar. Bai duba littafin kayan jirgin ba. Ya ɗauki tsohon notin da ya cire, ya je ya nemo irinsa da ido, a wurin da haske bai wadata ba. Mai kula da sito ya faɗa masa lambar da ake amfani da ita a wannan gilashi, bai bi ta kai ba. Kuma tunda shi ne babba, shi ya yi aikin, shi ya sa wa kansa hannu, babu wanda ya sake dubawa.

Abubuwa biyu suka fi tsaya mini a rai a wannan labari. Na farko, yawancin tsofaffin notunan da ya cire su ma ba su ne na ƙa'ida ba, wani ne ya saka su a baya suka yi sa'a suka riƙe. Wato ko da ya dace da irinsu sak, kuskuren wani zai maimaita. Wannan ita ce illar "haka na tarar ana yi". Na biyu, mutumin ba malalaci ba ne. Ma'aikata sun yi ƙaranci a daren, jirgin na da aiki a gaba, sai ya tuɓe ya yi da kansa don kada a makara. Ƙwazonsa da yarda da idonsa ne suka kai shi. Ido ba ya raba kaurin da bai kai milimita ɗaya ba da ƙarfe uku na dare, ko idon wane ne. Littafin an rubuta shi ne domin irin wannan dare, lokacin da gwani ya gaji kuma bai san ya gaji ba. Bambancin mota da jirgi kuma sananne ne: direban da motarsa ta tsaya zai gangara gefen hanya ya jira.

To amma kada a ɗauka takarda kaɗai ta isa. Takarda ba ta da baki, abin da aka rubuta mata shi take ɗauka. A watan Fabrairu na 2010 ma'aikatar sufuri ta Japan ta bayyana cewa kamfanin Koito Industries, mai ƙera kujerun jirage, ya daɗe yana ƙirƙirar sakamakon gwaji, na ƙarfi da na jure wuta, yana kuma canza ƙirar wasu kujeru ba tare da izini ba. Abin ya shafi kujeru kusan 150,000 a cikin jirage kusan 1000 na kamfanoni 32. Kowace daga cikinsu da takardarta cif, da hatimi da sa hannu. Bakaniken da ya bi littafi sau da ƙafa wajen kafa su bai yi laifin komai ba, amma kujerar da ya kafa babu tabbacin za ta riƙe. A 2011 hukumomin Turai da na Amurka suka ba da umarnin a sake tantance kujerun, a cire waɗanda suka kasa. Wasu kamfanoni sun yi watanni sababbin jiragensu na ajiye babu kujerun da za a saka. Wannan a Japan ke nan, ƙasar da muke buga misali da ita wajen ingancin kaya, don kada wani ya ce ha'inci halin talaka ne ko na baƙar fata.

Rashin takardar shi ma ga abin da ya jawo. A watan Janairu na 2024 wani sabon Boeing 737 na Alaska Airlines ya tashi daga Portland, jim kaɗan sai wani murfi da aka toshe gurbin ƙofa da shi ya fice. An gano cewa a masana'anta an buɗe murfin don a gyara wani abu kusa da shi, aka mayar ba tare da notuna huɗu da ke hana shi zamewa ba. Ba a buɗe takardar da ke nuna an cire shi ba, don haka babu abin da ya kira mai dubawa ya zo ya duba. Kujeru biyu da ke dab da ramin babu kowa a kansu ranar. Sa'a ce kawai.

Wanda ya fi kusa da mu kuwa, manya ba su manta da shi ba. Ranar 11 ga watan Yuli na 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa yana aiki da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda da alhazai za shi Sakkwato. Tayoyi biyu suka fashe yana gudu a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutar ba a sani ba. Matuƙan sun juyo za su sauka, jirgin ya faɗi kafin ya kai. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu. Bincike ya nuna iskar wasu tayoyin ta gaza ƙa'ida, an san da haka kwanaki kafin ranar, an taɓa alƙaluman da ke rubuce a takardar dubawa, kuma da aka nemi a ƙara iskar kafin tashi, mai kula da jigilar bai yarda a jira ba saboda an makara. Taya ce a nan, ba kujera ba, amma cutar ɗaya ce: an san ƙa'ida, an ga ba a cika ta ba, sai aka gyara takarda aka bar jirgin.

A irin wannan wuri ne nake rabuwa da masu ɗora komai a kan bakanike. Wanda ke riƙe da sifana shi ne ƙarami a cikin sarƙar. Sama da shi akwai mai kallon agogo, sama da wannan akwai mai kallon kuɗi. Jirgin da ke tsaye asara yake jawowa kowace awa, kuma kujerar da aka rufe tikiti ne da ba a sayar ba. Idan ma'aikaci ya san cewa duk ranar da ya ce "ba zan sa hannu ba" aikinsa na cikin haɗari, to kamfanin ya riga ya zaɓar masa. Masu harkar jirage sun gane haka da wuya, bayan gawarwaki masu yawa. Tun 1976 Amurka ke da wani tsari da hukumar NASA ke gudanarwa, inda matuƙi ko bakanike ko ma'aikacin cikin jirgi zai rubuta kuskuren da ya yi ko ya gani, a ɓoye sunansa, a yi amfani da bayanin don gargaɗin sauran. An raba tsakanin wanda ya yi kuskure ya faɗa, da wanda ya karya ƙa'ida da gangan ko ya ɓoye. Na biyun ne ke haɗuwa da hukunci mai tsanani.

Malamai da iyaye, ku dubi wannan rabon da kyau, domin mu a gida da lakwal sau da yawa juya shi muke yi. Yaro ya fasa kofi ya zo ya faɗa, ya sha bulala. Ƙanensa ya fasa ya tura gutsattsarin ƙarƙashin gado, ya kwana lafiya. Ba sai an yi wa kowannensu bayani ba, sun riga sun ɗauki darasi. A aji kuma, ɗalibin da ya ce "mushe, ban gane ba" ko "ban yi aikin gida ba" yakan fi shan wuya a kan wanda ya kwafe na abokinsa da safe a gindin bishiya. Shekara goma sha uku muna horar da yaro a kan cewa abin da ake so shi ne shafi ya cika, sannan mu yi mamaki in ya girma ya cika takardar dubawa ba tare da ya duba ba. Ba ina cewa a daina horo ba ne. Ina cewa hukuncin ɓoyewa ya fi na kuskure nauyi, kuma yaro ya ga haka da idonsa sau da yawa har ya yarda.

Mu ma manya yara na kallon sa hannunmu. Malamin da ya rubuta a kundin darussa cewa ya koyar da babin da bai koyar ba, don sufeto na tafe, ɗalibansa sun san ba a yi babin ba. Uban da ya sa hannu a takardar sakamako bai karanta ba, ko ya bi ta bayan gida a ƙara wa ɗansa maki a jarabawar BEPC, ya nuna masa cewa sa hannu ado ne. Na san uzurorin, kuma wasunsu na da ƙarfi: aji mai ɗalibai tamanin, shekarar karatu da yajin aiki ya cinye rabinta, malamin kwantaragi da albashinsa ke makara. Irin matsin da bakaniken dare ke ciki ne, kuma kamar yadda ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba, ba zan ɗora wa malami shi kaɗai ba. Amma rubuta "ba a kai ga wannan babi ba" daidai yake da rufe kujera a manna mata alama. Malamin da zai karɓi ajin baɗi ya san inda ramin yake.

Akwai wata suka da ta fi ta gwanayen gareji nauyi, ita ce ta malaman da ke cewa makarantunmu sun riga sun cika da hadda da biyayya, abin da yaranmu suka rasa shi ne tunani da tambaya, to me ya sa za a ƙara musu da "bi littafi"? Gaskiya ne, kuma littafin gyara kansa yakan yi kuskure, shi ya sa ake sabunta shi. Amma a duba wa ke gano kuskuren. Bakaniken da ya fahimci dalilin kowane mataki ne ke lura cewa abin da ke shafi bai yi daidai da abin da ke gabansa ba. Abin da ake so ya yi a lokacin shi ne ya tsaya, ya rubuta, a tambayi injiniyoyin da suka ƙera kayan, su amsa a rubuce, in ta kama a gyara littafin don kowa a duniya ya amfana. Wanda ya yi dabararsa shiru, ko da dabarar ta yi daidai, ya bar na bayansa cikin duhu. Wannan na bukatar tunani fiye da hadda, yana kuma bukatar ƙarfin halin tsayar da aiki alhali babba na jira. Saboda haka a makarantun koyon sana'a, daga ƙananan cibiyoyi har makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, ina ganin kowace ƙa'ida a koyar da ita tare da dalilinta. Yaron da aka ce masa "ɗaure zuwa adadi kaza" kawai zai manta. Wanda aka nuna masa notin da ya tsinke don an matse shi fiye da kima, da wanda ya kwance don ba a matse ba, zai nemi sifana mai ma'auni da kansa. A kuma saba musu da duba aikin juna ba tare da wanda aka duba ya ji an ci masa fuska ba, har da aikin malam. Wannan na ƙarshen zai yi wuya a wurinmu, inda ƙarami ba ya gyara wa babba, amma mai sito na Birmingham ya faɗi lambar daidai, matsayinsa ne bai kai a saurare shi ba.

Ga masu shirin tafiya kuma, ko masu raka tsofaffi filin jirgin Diori Hamani, akwai ɓangaren ƙa'idar da ke hannun fasinja, kuma ya kamata a yi wa iyayenmu bayaninsa da Hausa tun a gida, don sanarwar cikin jirgi sau da yawa da harshen da ba su ji ake yin ta. Ana cewa a miƙar da bayan kujera a naɗe tebur lokacin tashi da sauka domin a haka aka gwada kujerar, kuma don na baya ya samu hanyar fita. Bel a ƙugu ake ɗaure shi, ƙasa da ciki, a matse, kuma gara a bar shi a ɗaure ko da alamar ta mutu, saboda gargadar iska ba ta sallama. Rigar ruwa da ke ƙarƙashin kujera ba tsaraba ba ce. Idan wayar salula ta faɗa cikin kujera kada a motsa kujerar don nemanta, a kira ma'aikaci, domin batirin da ƙarfe ya murƙushe na iya kama wuta.

Idan kuwa ka zauna ka ji kujerar na motsi daga ƙasa, ko bayanta ya ƙi tsayawa, ko bel ya ƙi kamawa, ka faɗa, kada kunya ta hana ka. Ma'aikacin zai canza maka wuri in akwai, ya rubuta a littafin lahani na cikin jirgin. Da zarar an rubuta, sai wani mai lasisi ya amsa a ƙarƙashin rubutun, ko ya gyara ko ya rufe kujerar bisa ƙa'ida, ya sa sunansa, kafin a sake zaunar da wani a kanta.